Gwajin da Ya Faɗa wa Gidansu

A ofis Ɓarauniyar Halak suke ce mata, ita kuma ko a jikinta. Aikinta ke nan: kamfani ya ba ta izini ta gwada kutsawa cikin na'urorinsa, ta nuna masa ɓaraka kafin ɓarayin gaske su gani. Mamanta dai har yau gyaran kwamfuta take gaya wa maƙwabta.

Gwajin da ta fi so shi ne na aike da sunan wani. Sai ta tura wa manyan na'urorin kamfanin 'yan ƙananan tambayoyi, amma ta sa adireshin wani a matsayin mai tambaya. Idan na'urorin sakarkaru ne, sai su yi ta jibga wa bawan Allah amsoshi har intanet ɗinsa ya shaƙe.

Ta taɓa yi wa Mama bayani. "Kamar in aiki duk direbobin tifa na gari su sauke yashi a ƙofar wani ne, Mama."

"Allah ya shirye ki," in ji Mama.

Tana da ƙa'ida ɗaya, wadda take alfahari da ita har ta ishi mutane: ba ta jefa kowa a wahala. Adireshin intanet na gidansu take sawa kullum, yashin ya sauka a ƙofarta.

Ranar nan da hantsi ta danna, na'urorin suka amsa tamkar da ma jira suke. Ta yi tafi, har da juyi a kan kujera. Shaf ta manta cewa ranar ce jirgin ruwan da yayanta ke aiki a ciki zai tsaya a tasha. Nan ne kawai yake samun kiran bidiyo, kuma rabon Mama da ganin fuskarsa tun bara.

Da yamma ta tarar da Mama a falo da sabon mayafi, waya a cinya.

"Ya kira. Yana cewa 'Mama' sai hoton ya daskare. Yanzu kuma sun tashi."

Nan 'yar ta gane yashinta ne ya shaƙe intanet ɗin gidan. Ta durƙusa ta faɗi gaskiya, tana jiran faɗa.

Mama ba ta yi faɗa ba. Sai ta miƙo mata wayar, ga rabin fuska da goshi a allon.

"Ke da kika san na'ura, duba min. Ya rame ne, ko idona ne?"