Dutsen Niƙan Innar Dudu

Kowa a Tungar Maje, kusa da Wara, ya san Dudu mai suyar kifi, kuma ya san ƙafarta ba ta san zama ba. Da ta sauke kasko da la'asar, sai ta ɗaure gyale a ƙugu, ta leƙa gidan maƙwabciyarta Mariya mai daddawa. "Taso mu taka." Mariya ta yi mita ta gaji, ta jawo takalmi. Shekara ashirin ke nan ana haka.

Tafiya da Dudu kuwa sai mai haƙuri. Ta tsaya gaban gidajen da gwamnati ta gina wa mutane lokacin da aka datse ruwa a Kainji, masu rufi a lanƙwashe kamar an kife kwalekwale, ta nuna ɗakunan lakan da aka liƙa musu a gefe don neman sanyi. Ta san kukar da ta girmi garin. Ta san tsamiyar da shamuwa ke fara sauka. Amma duk inda yawon ya kewaya, a bakin tafki yake ƙarewa, ta tsaya tana duban ruwa.

Dalili kuwa shi ne dutsen niƙan innarta. A tsohon gari, wanda tafkin ya cinye, mutanen kogi sun ɗauki ruwa baƙo ne, ya zo ya tafi. In ambaliya ta taso, mace ta kife dutsenta don kada laka ta kwanta a cikinsa, ta tura ɗan dutsen ƙarƙashi, a hau tudu, bayan wata uku a dawo. Da ma'aikatan gwamnati suka ce wannan ruwan ba zai koma ba, mata dariya suka yi. Wa ya taɓa ganin ruwan da ba ya komawa? Dudu na da shekara goma ta ga innarta ta kife dutse, ta karkaɗe hannu, suka shiga mota. Har tsohuwar ta rasu, tambayarta ɗaya ce: "Ruwa ya janye?" Dudu ta ɗaukar wa ranta sai ta kawo dutsen nan gida.

Kowace shekara, a farkon damina, tafki yakan ja da baya, amma ya tsaya bai kai tsohon gari ba. Bana kuwa ya yi ta ja. Wata safiya Ɗanbaba masunci ya kawo mata kifi, ya ce, "Inna Dudu, kututturen majen tsohuwar kasuwa ya hito. Amma ruwa na nan tahe, ba ya wuce kwana ukku."

Ai ko kaskon ba ta ɗora ba. Ta faɗa gidan Mariya tana haki.

"Yaya, da wanga sassafe? Gobara ta tashi?"

"Garinmu ya hito! Ɗauko taɓarya."

Suka kutsa laka har ƙwauri, balbelu na tashi a gabansu. Dudu mai shekara sittin da bakwai ta bar Mariya a baya, bakinta kuwa bai huta ba. Ga inda ake saida albasa. Ga duwatsun harsashin masallaci. Ga inda ta faɗi ta fasa tulu, aka zane ta. Tana nunawa tana dariya, zani ya jiƙe, ko a jikinta.

"Ni dai laka nika gani," in ji Mariya.

"Don ke baƙuwa ce. Yanzu cikin zauren Sarkin Ruwa kike, kuma ba ki yi sallama ba."

Da suka kai unguwarsu, dariyar ta ɗauke. Katangu sun narke tuntuni, babu alamar gidan wani. Sai duwatsun niƙa birjik a cikin laka, kowanne a kife. Ashe duk matan unguwar abu ɗaya suka yi. Dudu ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Shekara hamsin da 'yan kai tana jira, ga shi ta iso, ba ta san wanne ne nasu ba.

Mariya ce ta soka taɓarya ƙarƙashin na farko. "Tsayuwa ba ta birkice dutse, Yaya. Kama."

Suka yi ta birkicewa har rana ta take. Dudu ta wanke cikin kowanne, ta shafa, ta girgiza kai. Can ta shafa wani, hannunta ya zame gefe. Ta sake shafawa. Ramin duk sauran a tsakiya yake, na wannan ya karkata hagu.

"Inna bahaguwa ce," ta ce a hankali. Sai kuma ta rangaɗa guɗa, har Ɗanbaba ya jiyo daga cikin jirginsa. Shi ya taimaka aka mirgina dutsen zuwa bakin ruwa, aka kai shi gida tare da ɗansa da ke ƙarƙashi, mata na biye suna tafi.

Washegari Dudu ta ƙi aika gero wurin inji. Ta durƙusa, ta zuba, ta kama ɗan dutsen kamar yadda ta saba. Ya ƙi tafiya, gero na zubewa gefe. Ta gyara, ya ƙi. Sai ta janye gwiwar dama baya, ta sauke kafaɗar hagu, ta danna. Dutse ya ɗauka, gari ya fara sauka.

Nan ta tsaya cik. Ta san wannan durƙuson. Tun tana goye take jin kafaɗar nan tana sauka tana tashi.

Mariya, da ke tsaye da ƙwarya, ta ce, "Yaya, ko in karɓe ki?"

Dudu ta goge ido da bayan hannu, gari ya shafe mata fuska. "A'a," ta ce. "Ƙaro gero."