Ranar da Vonda Ta Sace Iskar Dewey

A filin tseren motoci na garinmu, nan gindin duwatsun Carolina ta Arewa, ba wanda ke faɗin gaskiya game da iskar tayarsa. Ka tambayi dattijon coci ma nawa ya sa, zai dube ka ido cikin ido ya shirga maka ƙarya. Mu ba mu ɗauke shi zunubi ba. Filin zagaye ne, motocinmu hagu kawai suke shan kwana, don haka kowace taya da iskar da ta dace da ita, kuma a nan ake cin tsere ko a faɗi.

A wannan ƙaryar ba wanda ya kama ƙafar Vonda Sizemore. Mai dafa abinci ce a makarantar firamare, gajeruwa, ga faɗa kamar me. Ran Asabar kuwa ita ce mai tayoyin ƙaninta Hoyt, direban mota mai lamba tara. Ni mai walda ne a rumfarsu, na sha zaginta fiye da kowa, kuma har gobe ina sonta. Takan jera tayoyin a inuwa, ta lulluɓe su da tsohon bargo, domin taya in ta sha rana iskarta kumbura take, ta ruɗi ma'auni.

A tseren ƙarshe na wata kaka, kofin shekara ya rage tsakanin Hoyt da Dewey Tackett. Hoyt ya tsufa yana bin kofin nan bai taɓa shinshinarsa ba. Ran nan abin da ake bukata kawai ya riga Dewey shiga.

Mai tayoyin Dewey na asibiti, surukin Dewey ɗin ne ya karɓi aikin. Vonda na kallo ya auna tayoyin suna kwance a kan kwalta mai zafi. Can hadari ya taso, gari ya yi sanyi, bai sake aunawa ba. Ta san iskar ta sauka. Ta kuma san tayar gaba ta dama, wadda nauyin mota ke hawa a kwana, in ta yi laushi sai ta fashe, kuma katangar siminti ce ke jira.

Ta ajiye abin da ke hannunta ta tsallaka rumfar su Dewey.

"Kai Dewey, sake auna tayoyinka. Sun yi ƙasa."

Dewey ya tuntsure da dariya. "Ke Vonda, bara ma ai haka kika ce min, na ƙara iska na yi ta rawa a kwana kamar ɗan giya! Je ki gwada wani."

"Yau da gaske nake, mai kan kabewa."

"Kullum ma da gaske kike."

Aka fara kiran motoci su hau layi. Dewey ya sa hular kwano. Sai kawai Vonda ta durƙusa, ta kwance bawul ɗin tayarsa ta gaba ta dama, iska ta fice fuuu, a gaban kowa da kowa. Ta san doka sarai: wanda ya taɓa motar wani, an kori motar gidansu daga tseren.

Wuri ya kaure. Hoyt ya fito a guje yana ihu, "Yaya, kin haukace ne? Kin kashe ni!" Mutanen Dewey suka cika tayar, suka auna sauran ukun don suna zargin ta taɓa su. Duk sun yi ƙasa. Dewey ya tsaya yana duban ma'aunin.

Alƙalan fili dai ba ruwansu. Muka tura motar Hoyt muka loda a tirela, ni ina share hawaye da gefen riga. Dewey ya ci kofi. Hoyt bai yi wa yayarsa magana ba har sanyi ya wuce, kuma bai sake kusantar kofin nan ba har ya bar tuƙi.

Kwanaki na tarar da ita tana ɓare wake a ƙofar gida, na tambaye ta ko tana da-na-sani.

"Duk lokacin da na ga Hoyt," in ji ta. "Amma bara na je bikin 'yar Dewey. Da ƙafafunsa ya rako ta gaban coci."