Makamin da Muka Nemo wa Baba

Ana idar da sallar asuba muka bar Kazaure, mu uku a tsohuwar motar ƙanena: shi yana tuƙi, Baba a gefensa, ni a baya da jakata a cinya. Masu bibiyata sun saba idan na yi tafiya in dawo musu da labarin kayan waya, tunda gyaranta ne sana'ata. Wannan karon makami muka fita nema, kuma na tsohon da ya haura saba'in. Bari in yi bayani kafin wani ya kira mini hukuma.

Baba mahaƙin rijiya ne a zamaninsa. Ya daɗe da daina shiga rami, amma har yanzu shi ake aiko wa a unguwarmu idan akuya ta faɗa rijiya ko maciji ya shiga ɗaki. A damunar nan sau biyu yana faɗuwa a kan falalen dutsen da ke tsakanin gidanmu da masallaci. Likita bai ɓoye mana ba: ƙashin ƙugunsa ya yi rauni, idan ya karye da wuya ya sake tashi. Na sayo masa sandar asibiti, irin mai ƙafa huɗun nan. Ya karɓa, ya sa mini albarka, washegari na tarar an tokare ƙofar akurkin kaji da ita. Na roƙa, na lallasa, na haɗa shi da liman, ya yi mirsisi. Da aka shiga kaka sai aka kashe kububuwa a hanyar gonarsa, karnuka kuma suka fara tare mutane da sassafe. Rannan da bakinsa ya ce yana son abin riƙewa a hannu don kare kai. Ni da ƙanena muka kalli juna. Idan sanda ta ƙi shiga hannunsa da sunan dogarawa, to ta shiga da sunan makami.

Hanyar Roni ta yi kyau da safiyar nan. An yanke gero an tara dammuna, dawa ta sunkuyar da kai, duwatsu kuma sun yi jajir da fitowar rana. Ba mu yi nisa ba Baba ya miƙo hannu baya ya ce in ba shi jakata ya ga abin da nake dako. Ya shiga fito da kaya ɗaya bayan ɗaya: tocila biyu, batirin cajin waya, wayoyin caji a cukurkuɗe, filaya mai naɗewa, maganin ciwon kai, sai wani ɗan gwangwani da na saya tun bara ban taɓa buɗewa ba.

"Wannan fa?"

"Barkono ne, Baba. Na fesa wa ɓarawo a ido."

"Kai da kake shan wahala kafin ka gano makullin shagonka a jakar nan? Ai kafin ka lalubo shi ɓarawon ya kai Daura."

Ƙanena ya yi dariya har mota ta faɗa rami. Ban ji haushi ba, don na san abin da ke aljihun Baba tun ina yaro, kuma bai canja ba: ƙaramar wuƙa da wasawa ta cinye rabinta, 'yar igiya a naɗe, ashana a ƙulle cikin leda, da allura a soke a jikin hula. Ya ce shi duk abin da ba zai iya zarowa ido a rufe ba, ba ya fita da shi.

A Roni muka karya da kunun tsamiya da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance yadda sai ka haɗa uku a baki kafin ka san ka ci wani abu, kuɗin kuwa bai ƙanƙance ba. Daga nan muka nufi maƙera. Maƙerin, mutum mai fara'a da ƙonannun yatsu, ya baje mana adduna da lauje da kulki mai kan ƙarfe. Ni ina ta jan hankalin Baba wajen wasu gorori da aka jingine a bango, shi kuwa idonsa ya sauka a kan wani barandami mai doguwar ƙota. Ya ɗauka, ya ɗaga sama kamar zai sara, sai na ga ƙafarsa ta hagu ta yi rawa. Allah Ya taimaka maƙerin ma ya gani, ya ce cikin ladabi, "Baba, wannan na daji ne. In ka ratsa gari da shi, duk shingen jami'an tsaro da ka zo sai an tsayar da kai." Baba ya ajiye, ya ce dama nauyinsa bai zauna daidai ba. Abin da muka yi a Roni ke nan, sai wasa wuƙarsa da aka ƙara yi.

Zuwa Gwiwa ba ya cikin lissafina. Baba ne ya ce tunda mun fito sai ya gaida wani abokinsa da suka yi haƙar rijiyoyi tare, wanda ya ji an ce ba ya jin daɗi. Hanyar wani wurin kwalta, wani wurin sai addu'a. Muka yi ta wucewa ta gefen rugage, mata na ɗauke da ƙoren nono, makiyaya na kora shanu cikin gonakin da aka girbe.

Ashe rashin jin daɗin ya wuce yadda aka faɗa. Mun tarar da mutumin a kwance a ɗaki, ya rame, ƙafa ɗaya ta juye. Santsi ne ya kwashe shi a bakin makewayi tun kafin azumi, ƙugu ya karye, masu ɗori suka yi iya yinsu. Bakinsa dai bai mutu ba. Yana ganin Baba ya ce, "A'a, tsohon banza, kai har yanzu kana tsaye?" Suka yi ta tsokanar juna, suna tuno wata rijiya da ta kusa rufta musu. Can sai majinyacin ya nuna wata jakar fata da ke rataye a ƙusa.

"Ɗauki wuƙar da ke ciki, ka san ƙarfenta. Ni yanzu daga tabarma sai buta."

"Bar kayanka," in ji Baba. "Za ka tashi."

"To, Allah Ya sa. Shekaranjiya ɗan maraƙi ya faɗa rami a bayan gidan nan. Ta katanga na ji ana ta ihu. Babu wanda ya ko leƙo ya tambaye ni yadda ake ɗaura igiya."

Ya faɗa yana dariya, amma babu wanda ya taya shi. Baba bai karɓi wuƙar ba. A gidan gwaggonmu muka kwana a nan Gwiwa, ta yi mana tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa da man shanu, irin wanda Baba ke suɗe kwano a kansa. Loma kaɗan ya yi ya wanke hannu. Tausayin mutumin nan ya kama ni ƙwarai, amma ba zan yi ƙarya ba, a ƙasan raina cewa nake wataƙila abin da Baba ya gani zai yi mini aikin da bakina ya kasa.

Da hantsi muka kama hanyar Babura ta ɓangaren Yankwashi, don an ce mana a can ake samun sandunan kirki. Kana yin gabas duwatsu na raguwa, ƙasa na buɗewa, yashi na ƙaruwa. Kasuwar ta cika maƙil, ciniki rabi da naira rabi da sefa, mutanen Nijar sun shigo da dabbobi da dabino. Tunda abin da ya kawo ni ke nan, sai na kama kaina ina kallon abin da kowa ke ɗauke da shi. Ɗan acaba da sifana da famfon taya a ɗaure ƙarƙashin kujera. Buzu da wuƙa a damtse, wadda na ga ya zaro ya yanka igiyar buhu da ita ya mayar, ba tare da ya dubi kubenta ba. Wata mai fura da ludayi da 'yar aska a bakin zani. Ban ga mai jaka irin tawa ba, kuma ban ga wanda ya yi kama da mai neman wani abu ya rasa ba.

Mai sandunan wani dattijon Bafulatani ne, a gindin bishiya kusa da karar shanu. Akwai na gora, marasa nauyi, akwai na dargaza, waɗanda ya ce sai an gasa su a wuta an miƙar, a yi ta shafa musu man shanu har su yi ja. Baba ya zauna ya yi musu zaɓen amarya. Ya buga wannan a ƙasa ya saurara, ya lanƙwasa waccan, ya shinshina wata. Daga ƙarshe ya tsaya a kan wata ta dargaza, siririya, mai ɗan kauri a kai, tsawonta har kafaɗarsa. Na zagaya na raɗa wa dattijon ya rage ta ta dawo daidai ƙugu. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce a hankali, "Yaro, sai dai mai ita ya faɗi inda za a yanke." Mai ita ya ce ba za a yanke ba. Dattijon ya ce to ko a sa mata zoben ƙarfe a gindi don kada ta cinye. Baba ya ce, "Ba ta buƙata. Ai ba ƙasa za ta riƙa taɓawa ba."

Ya biya da kuɗinsa, ya hana ni sa hannu a aljihu. Sannan ya ɗaga sandar ya gicciya ta a bayan wuya, ya rataya hannuwansa biyu a kanta yadda samarin makiyaya ke yi, ya ratsa kasuwar Babura a haka, ƙafa na ɗan ja, kai a sama. Ƙanena ya riƙe ciki yana dariya. Ni kuwa takaici ya ishe ni, har tsiren da muka saya ban ji ɗanɗanonsa ba. Mun ƙona mai, mun zaga gari uku, mun sayo wa tsoho abin ado.

A hanyar dawowa, mun fara hango duwatsun Kazaure da la'asar sakaliya, muka tsaya a gefen titi. Wurin da ya dace da salla yana ƙasa kaɗan, sai an gangara wani ɗan kwari da ruwan damuna ya zaizaye. Ƙanena ya yi gaba da buta. Baba ya zo bakin gangaren ya tsaya, sanda na kafaɗa. Na sauka taki ɗaya na miƙa masa hannu. Ya daɗe yana kallon hannun. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba.

"Kai wannan," ya ce, "tun a gida na san abin da kuka ƙulla kai da ƙanenka. Ba sandar nake ƙi ba. Ranar da aka gan ni ina dogarawa, daga ranar za a daina aiko mini."

Duk watannin nan ina ɗauka taurin kai ne kawai irin na tsufa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, gara a daina aikowa da a riƙa zuwa dubiya."

Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya sauke sandar daga wuya, ya kafa ta a ƙasa, ya gwada ta da nauyinsa, ya gangara a hankali ta gefena. Hannuna bai taɓa ba. Muka yi salla, ya hau da ita kamar yadda ya sauka, muka shiga mota ya ɗora ta a cinya. Ban sani ba ko don babu mai ganinmu ne a wurin.

Ga masu tambayata me ya kamata mutum ya riƙa fita da shi, ga ɗan abin da tafiyar nan ta koya mini. Ka ɗauki abin da hannunka ya saba da shi, wanda ƙarfinka zai iya, wanda ba zai jawo maka tambaya a hanya ba. Ka kuma tambayi kanka tsakani da Allah mene ne ya fi kusa da cutar da kai, don wani ɓarawo yake tsoro alhali dutsen ƙofar gidansa ne ke jiransa. Abin da ban sani ba sai yanzu shi ne, duk abin da ka riƙe a hannu yana gaya wa mutane ko kai wane ne, kuma wani kayan kare kai sai mutum ya sadaukar da wani abu kafin ya iya ɗaukarsa.

Mun iso gida ana kiran magariba, layinmu cike da masu tafiya masallaci. Baba ya fito daga mota ya tsaya, sanda a hannu, kamar mai shawara da ita. Sai ya kafa ta a ƙasa a gaban kowa ya nufi falalen dutsen. Wani maƙwabcinmu ya ce, "Sannu da hanya, Baba. Sabuwar sanda?" Ya ce, "Ta macizai ce." Bai rufe baki ba wani magidanci, wanda bara ma Baba ne ya fitar masa da tunkiya daga rijiya, ya yi sauri ya karɓi butarsa, yana cewa, "A hankali, Baba, a hankali." Mutane suka dare suka ba shi hanya. Na ga kafaɗarsa ta ɗan sauka, amma bai tsaya ba.

Na samu abin da na fita nema. Na tsaya a ƙofar gida ina jin bugun sandar a kan dutse har ya shige masallaci lafiya, na gode wa Allah, amma na kasa yin murna.