Kwalabena shida a Jiratawa

Jiya a Jiratawa malaminmu ya sa mu ɗebi ruwan kanal, magudanar da ke shayar da lambuna, za mu gwada shi a labo, ɗakin binciken makarantarmu. Na cika kwalabe shida, na aje gindin mangwaro, na tafi salla.

Ina dawowa na iske wata tsohuwa mai lambu ta zubar da su duka, ta cika min da ruwan tulunta.

"Inna, ai na bincike ne!"

Ta ce, "Ɗiyata, ko na mi ne, ba ki shan ruwan nan ina kallo. Shi ya kwantar da jikana bara."

Na sha, na yi godiya, na koma kanal na sake cika kwalaben, tana riƙe min marufansu.

Ashe don jikanta nike karatun nan. Ku da mi za ku ce mata?