Faɗuwar Kawu ta Biyu a Illela

Ana idar da sallar asuba muka baro Sakkwato, ni da kawuna da sabon kekensa da aka ɗaure a saman babbar mota. Kuɗin mota sule uku kowa, keke sule guda, Kawu ya biya ko ciniki bai yi ba. Nan na san abin ya kai inda ya kai, don mutumin nan a kan kwabo sai ya yini yana gardama.

Masu tambayata inda na samo wasan kwaikwayon da za mu yi ran bikin zagayowar samun mulkin kai, ga amsarku. Ni malamin makaranta ne, kuma wata biyu na yi ina tauna alƙalami ban rubuta ko layi ba. Sai Kawu ya ce in raka shi Illela neman kome. Shekara goma sha biyar ke nan da ya saki matarsa, wadda muke kira Inna, kuma wallahi dalilin abin kunya ne. Jaki ya kayar da shi a ƙofar gida gaban abokansa, ita kuwa tana zaure ta fashe da dariya. Girman kai ya ɗebe shi, ya yi mata saki ɗaya. Ta koma garinsu ta yi wani auren, bara mijin ya rasu. Kawu bai sake aure ba. Yanzu ta aiko cewa ya zo ta gan shi sau ɗaya, in bai yi mata ba kada ya ƙara tako garin.

Hanya dai sai haƙuri. Ƙarshen damina ne, daga Kware zuwa Gwadabawa sau biyu muka sauka tura mota daga taɓo. Kawu yana gefe ya tattare farar babbar rigarsa, shi ba zai kai hannu ba. Gero ya nuna hagu da dama, gwanin sha'awa. A Gwadabawa na sha furar kwabo da nonon da ya fi na birni nesa ba kusa ba. Kawu kuwa sai maimaita jawabin da zai yi wa Inna yake a hankali.

Da hantsi muka wuce Amarawa muka shiga Illela, ranar kasuwa ce. Kai, jama'a! Raƙuma, gishiri, dabino, cuku, ga dogon burodin mutanen Ƙonni ta tsallaken iyakar Nijar, mai tauri kamar sanda. Rabin kasuwa da sule take ciniki, rabi da sefa, kuɗin Nijar, kuma ba mai ruɗewa sai baƙo irina. Aka nuna mana rumfar da Inna ke sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Na ce mu taka da ƙafa, Kawu ya ce ina, ai don wannan rana ya sayi keke.

Ga abin da ba a gaya mana ba. Mu hagun hanya muke bi, mutanen Nijar dama suke bi. Wani direba da ya ƙetaro iyaka ya manta ya sauya hannu, sai ga shi gaba da gaba da Kawu. Kawu ya kauce, ƙafar keke ta zame, sai ji muka yi tim! Ya zauna daɓas cikin kwatamin ruwan sama, hula can, takalmi can, daidai bakin rumfar Inna.

Ta miƙe ta dube shi. Na ga tana cije leɓe tana neman riƙe kanta, amma ina! Dariya ta ƙwace mata har tana dafa tulun mai. Na ce shi ke nan, mun yi tafiyar banza. Fuskar Kawu ta murtuke irin yadda na santa tun ina yaro. Ya dubi rigarsa, ya dubi Inna. Sai kafaɗunsa suka soma rawa. Jama'a, Kawu dariya yake! Yana zaune cikin taɓo yana ƙyaƙyatawa har da hawaye, kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya.

"Malam, mi ya haɗa ka da abin hawa ne?" in ji Inna, tana share ido.

"Yi abarki," ya ce. "Shekara goma sha biyar ban ji ta a gidana ba."

Sai ta miƙo masa buta ta ce ya je ya ga yayanta bayan azahar. Jawabin da ya haddace ko kalma bai faɗa ba. Kafin la'asar an tsayar da ranar ɗaurin aure, ni kuwa farin ciki ya hana ni zama wuri ɗaya.

Washegari muka juyo gida, ina rubutu a kan gwiwata mota tana jijjiga ni. Kafin mu iso Kware na gama fitowa ta farko. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, Allah yakan maido wa mutum ranar da ya ɓata, sak yadda take, ya ga ko ya yi hankali. Kawu ya yi. Rigar tana nan rataye da taɓonta, ya hana kowa taɓawa. Inna ta ce a bar mata, ita za ta wanke in ta tare.