Jinkar Mama Somoe

Ranar Talata, tara ga watan Mayu na 2017, da hantsi, Allah ya karɓi ran surukata, Mama Somoe binti Nandonde, a ɗakinta da ke ƙauyen Nangwale. Nasa muke, gare shi za mu koma. Ta haura tamanin da biyar. Shekara talatin da takwas na yi ina cin tuwon rogonta, kuma akwai wata magana tsakanina da ita wadda ko matata Asumini, 'yarta ta fari, ba ta taɓa ji ba. Yau zan faɗe ta, ko da za ta ci aurena.

Mama, kowa ya san ke kika shigo da jam'iyyar neman 'yanci yankin nan. A ƙasan kwandon garin rogo kike ɓoye katunan jam'iyyar, ki bi gida-gida kamar mai talla. Ba ki san ko bihim a takarda ba, amma idan kika buɗe baki a taro har masu karatu shiru suke yi. An ce ranar da aka sauke tutar Turawa kin yi guɗa sai da muryarki ta dishe kwana uku.

Bayan shekara goma sha uku, gwamnatin da kika yi wa guɗa ta ce kowa ya bar tsohon mazauninsa ya koma sabon ƙauyen haɗin gwiwa a bakin titi. Ba a tura 'yan gari su tashi iyayensu, mu matasan jam'iyya ake kwasowa a mota daga wata gunduma. Ina da shekara sha tara, ga kaki ga wauta, gani nake ni ke gina ƙasa. Muka tarar kin tura yara gaba da kaya, ke kaɗai a tsakar gida, kin ce ba za ki bar kabarin mijinki da itatuwan yazawarsa ba. Shugabanmu ya miƙo mini ashana. Bunun ya bushe, bai ɓata lokaci ba. Ba ki yi kuka ba, ba ki zage ni ba. Cewa kawai kika yi, "Matsa baya, ɗan nan, kada wutar ta lashe ka."

Shekara biyar da haka aka turo ni koyarwa Nangwale, na ga Asumini na ce ina so. Wallahi ban san 'yar wa ce ba sai ranar gaisuwa, da na ɗago kai muka haɗa ido. Na so ƙasa ta tsage in shige.

A wurinmu namiji ke tarewa gidan uwar matarsa, kuma sai ya yi aikin da za a ga halinsa kafin a ba shi. Wani noma ake sa shi, wani sassabe. A ranar gaisuwar, da kawun Asumini ya fita ya bar mu, kika rage murya.

"Malam, jinkata na yoyo. Na ga yadda kake sauke ta, bari in ga ko ka iya ɗorawa."

Kwana goma sha biyu ina yankan shuci ina baibaya. Sau biyu kika sa na kwance. "Wannan ɗaki ne ko sheƙar kaza? Ashe ashana ta fi sauƙin riƙewa." Ranar da na gama na durƙusa in nemi gafara, kika katse ni.

"Tashi, tuwo zai huce. Ni da na tallata jam'iyyar da ta turo ku gida-gida, gafarar wa zan roƙa?"

Na ce, "Asumini fa, Mama?"

"Wannan bakinka zai faɗa mata, ba nawa ba. Ina jira."

Kin jira, Mama. Kin yi renon 'ya'yana shida, kin raba mu faɗa ba adadi, ko sau ɗaya ba ki goranta mini ba. Da jikoki suka kawo kwanon rufi kin ƙi, kin ce kina da mai baibaya. Duk shekara ina hawa jinkar nan in sauko da niyyar yin magana, sai tsoro ya ɗaure mini harshe. Har kika tafi ban cika ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata makwancinki, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙaninki Mzee Likwelile, da 'ya'ya da jikoki, da duk mutanen Nangwale. Allah ya ba mu haƙuri.

Saura ke, Asumini. Sau nawa kika ba ni labarin ɗakin da aka haife ki a ciki, kina Allah ya isa ga wanda ya ƙone shi, ina gefenki ina cewa amin? Ni ne. Bayan addu'ar arba'in ki yanke abin da kika ga dama, ba zan ce uffan ba.