Mangwaron Ƙofar Gidan Goggo

Gari bai gama wayewa ba muka bar Jos, wata Juma'a a tsakiyar damina, ni da ƙanena. Shi ke tuƙi, ni kuma ina gefe ina cika ina batsewa. Masu bibiyata sun san halina, ba na raina abin faɗa, balle in ji an ambaci ƙaramar hukuma. To wannan karon abin har gida ya same ni. Goggonmu, ƙanwar mahaifinmu da ke zaune a gidan gado a Sabon Garin Zariya, ita ta kira ni ta ce za a gina sabon lambatu a layinsu, kuma aikin zai bi ta kan mangwaron ƙofar gida. Kansila ya kira taron unguwa ranar Asabar, a can za a yanke magana. "Ka zo ka yi musu surutun nan naka," in ji ta.

Kakanmu ne ya dasa mangwaron tun yana aikin lambu a Samaru. A gindinsa aka binne cibiyata, da ta ƙanena, da ta duk wanda aka haifa a gidan. Tun da mijin Goggo ya rasu ta dawo gidan, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa, a inuwar nan take wuni. Can take tsince shinkafa, can take karɓar baƙi, can take gyangyaɗi ta ce idonta biyu. A raba ta da bishiyar nan, ban san me ya rage mata ba.

Mun gangaro daga tudu hazo na kwance a kan duwatsu, buhun dankalin tsaraba yana ta gwara kai a but ɗin mota. Daga Jengre zuwa Saminaka ido ba ya ganin komai sai kore, masara ta yi goyo ta ko'ina. Hanyar ce dai sai a hankali. Ruwa ya cinye gefen kwalta a wurare da dama, ramukan kuma sun cika sun yi lumui, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Ƙanena yana kauce wa wannan yana gaisawa da wancan. A Saminaka muka tsaya sayen gasasshiyar masara, da na ji kuɗinta na tambayi mai gashin ko daga Makka aka kawo. Ta yi dariya ta ce in je in tambayo kuɗin taki tukuna. Na biya, masarar kuwa ta yi zaƙi.

Daga Pambegua na fara bitar jawabina da ƙarfi. Hujjata ɗaya ce, kuma a ganina ba ta da makusa: hukumar da ke ta raba dashen itatuwa kyauta da sunan yaƙi da sauyin yanayi, ita ce kuma za ta sa zarto a wuyan bishiyar da ta girmi kansilan kansa. Na maimaita ta da murya iri-iri har ƙanena ya ƙaro rediyo. Da muka haye Galma muka same shi ya cika ya batse, ruwan jajir kamar kunun kanwa.

Rana ta take muka shiga Sabon Gari. Garin yana nan yadda na bar shi, sai dai ƙari. Masu keke napep na ta kutse, mai walda na feshin wuta a bakin hanya, nan ka ji Hausa, gaba kaɗan Ibo, can Yarbanci, Turancin buroka kuma yana ɗinke su duka. Tun daga kan kwana na hango mangwaron ya baje kansa a saman rufin kwano. Goggo na ƙarƙashinsa a kan kujerar roba. Ta dafa mana faten tsaki da yakuwa, ta tsare mu da ido har sai da muka ga ƙasan kwano.

Bayan mun ci na zagaya bishiyar. Layin ɗan siriri ne, gidaje sun matse shi hagu da dama. Saiwoyin mangwaron sun yi kauri sun ɗaga simintin tsohon lambatun, sun farfasa shi, leda da yashi suka taru suka toshe sauran. Na gani sarai, na kau da kai, don ba abin da ya kawo ni ke nan ba.

Ina nan tsaye maƙwabciyar Goggo ta fito gaishe mu. Mama Ngozi ke nan, tela ce, gidanta na fuskantar namu amma ya ɗan yi ƙasa. Iyayenta daga kudu suka zo, ita kuwa a nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa daɗin ji. Ta goye ni ina jariri, kuma ba ta taɓa barin in manta da haka ba. Na tambayi maigidanta, wanda duk layin ke kira Baban Ngozi, kafintan da ya yi mana bencin makaranta. Ta ce jiki sai godiya. Tun bayan bikin Ista ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance.

Wajen la'asar hadari ya haɗo daga gabas, kafin a kwashe shanya ruwa ya tsuge. Na tsaya a zaure ina kallo. Ruwan dukan layin ya taho da gudu, ya iso gindin mangwaronmu, ya rasa hanya, sai ya karya kwana ya tsallaka ya nufi ƙofar Mama Ngozi kai tsaye. Ba a jima ba ta ɓullo da kan keken ɗinki a ka, ta shigo ta dire shi a falon Goggo ba tare da sallama ba, ta juya. Goggo ma ba ta tambaya ba, ta dai janye tebur. Na gane sun saba, duk ruwa mai ƙarfi haka ake yi.

Abin da ba a saba ba shi ne na bana. Da ta dawo ta biyu hannunta ba kaya, ta dube ni da ƙanena ta ce, "'Ya'yana, ku zo ku kama min Baba."

Ruwan ɗakin ya kai mana ƙwauri, takalma da bokiti suna yawo a kai. Dattijon na kan gado, ruwa ya kusa taɓa katifa, ya riƙe ƙarfen gadon da hannunsa mai lafiya yana kallon ƙofa. Muka ɗora shi a kujera, matarsa ta riƙe masa lema, muka tsallaka layi da shi muna laluben ƙasa da ƙafa. Bai da nauyi ko kaɗan, wannan ne ya fi tayar min da hankali. Mutumin da na sani yana saɓa katako shi kaɗai. Yana ta ƙoƙarin ce mana sannu, bakin ya ƙi ba shi haɗin kai.

Goggo ta tsaya a bakin falo da sandarta tana kallonmu. Ciwon gwiwa ya daɗe da hana ta fita in ana ruwa, kaya kawai take gani suna shigowa, ba ta taɓa ganin an ɗauko mutum ba. Ta lulluɓa masa zanenta, ta dama kunu mai zafi, Mama Ngozi na ba shi da cokali. Can Goggo ta ce, "Maman Ngozi, gobe in an ce a ɗaga hannu, ke ina za ki?"

"Haba Mama, har sai kin tambaya? Inda kike nan nike. Bishiyan da 'ya'yana suka girma suna sha? Damina ai wucewa za ta yi."

Goggo ta daɗe tana kallon ƙafafun dattijon, da suka yi fari fat don sanyi. Ni kuwa na nemi jawabina a kaina na ji ya fara yi min nauyi.

Da hantsi ranar Asabar aka taru a filin wata makarantar firamare. An jera benci, mai unguwa da limami da fasto suna gaba, a gefe kuma ga dashen itatuwa cikin baƙar leda, wanda za a raba bayan taro. Kansilan matashi ne, da babbar riga da ta fi shi girma. Ya fara da dogon bayani kan sauyin yanayi, yadda ruwan wata guda ke sauka a yini ɗaya yanzu, tsofaffi suna gyaɗa kai don sun riga shi sani. Aka taso masa da maganar shara da ba a kwashewa, da famfon da ya koma wurin ɗaure akuya. Wasu ya amsa, wasu ya ce an kai sama. Da aka zo kan lambatu, gaskiya bai yi wasa da hankalin kowa ba. Ya ce layin ba shi da faɗin da za a kauce, ko dai bishiya ko ɗakunan mutane, kuma ba zai taɓa ta ba sai unguwa ta yarda.

Na gyara murya zan miƙe, sai na ji sandar Goggo a kan ƙafata. Ita ta tashi, a hankali, tana dafa kafaɗata.

"Ɗana kansila, dashen nan naku akwai mangwaro a ciki?"

"Akwai, Mama."

"To ba sai an ɗaga hannu ba. Ku sare. Amma ka faɗa ma masu zarto su jira in ɗebi rassa, kuma mangwaron can duka ni za a ba."

Mama Ngozi ta rufe fuska da gyale. Kansila ya cire hula ya riƙe a hannu, da alama ya shirya wa rigima ne bai shirya wa wannan ba. Mu biyu ke nan, ni da shi.

Da muka koma gida Goggo ta sa ƙanena ya hau bishiyar, tana ƙasa tana nuna masa da sanda: wancan, ba wannan ba, mai kaurin fensir, wanda idonsa ya kumbura. Ta naɗe rassan a jiƙaƙƙen tsumma, muka loda dashen kansila a mota, muka kama hanyar Samaru. Mun sha cunkoso a Kwangila, muka wuce Palladan inda sababbin shaguna suka cinye filayen da na sani. Samaru kuwa iskarta daban ce, manyan itatuwa sun yi wa titi rumfa, ɗalibai na tafe suna cakuɗa Hausa da Turanci kamar dambu. Goggo ta manna fuska a gilashi tana nuna mana inda mahaifinta ya yi aiki.

Wurin masu sayar da dashe a bakin hanya muka tsaya, ta ce a yi wa mangwaron nan aure. Ga wanda bai sani ba, haka masu lambu ke kiran aikin: a yanke kan ƙaramin dashe, a tsaga shi, a fiƙe reshen bishiyar da ake so a cusa a tsagar, a ɗaure tam da leda. In ya kama, saiwar ta dashen ce, amma 'ya'yan da zai yi na tsohuwar bishiyar ne sak. Mai lambun na aiki da reza, Goggo na zaune a kan bulo tana gyara masa ɗauri, har ya ce Mama ko dai ta karɓi rezar. Ta ce da idonta na gani da ta karɓa. Ya gaya mana ba duka ke kamawa ba, ta ce ta sani, mutane ma haka suke. Kafin mu juyo muka sha fura da nono mai sanyi a wurin wata Bafulatana.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta raba dashen. Ɗaya na tsakar gidanta, nesa da lambatu. Ɗaya na Mama Ngozi, wasu na makarantar da aka yi taro, ɗaya ta aika wa kansila ta ce a gaya masa za ta ga ko ya iya riƙon amana. Na ƙarshe ta miƙo min ta tagar mota. A nan ne abin da ke cina tun jiya ya fito.

"Goggo, cibiyoyinmu fa? Siminti za a zuba a kansu."

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "Wace cibiya? Ai ta daɗe da zama mangwaro, kun shanye abinku. Har 'ya'yan Maman Ngozi sun taya ku. Abin da ya rage yana cikin reshen nan, ka riƙe da kyau."

Haka na rungumo shi a cinya har Jos, duk ramin da muka faɗa sai na harari ƙanena. Mun iso gida lafiya da yamma, ana yayyafi.

Na tafi Zariya da tabbacin cewa rigimar tsakanin hukuma ce da bishiya. Ashe tsakanin inuwar wata tsohuwa ce da gadon wani tsoho, kuma su biyun ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce ɗaya ya cuce shi. Har yanzu ina nan kan bakana game da shara da famfo, kansila ya ji da kyau. Amma na koyi cewa kafin in yi wa unguwa jawabi, gara in bari ruwa ya same ni a cikinta.

An sare mangwaron. Goggo ta ce a ranar, Palladan ta tafi ta wuni wurin wata ƙawarta, don kada ta ji ƙarar zarto. Da na tambaye ta inda take zama yanzu, ta ce a zaure, akwai zafi amma ana gani har ƙofar Mama Ngozi, kuma ruwan shekaranjiya ya wuce ta sabon lambatu bai leƙa gidan kowa ba.

Yau da safe na duba nawa dashen. Saman ledar, wasu ganyayyaki jajaye guda biyu sun leƙo, ƙanana kamar kunnen ɓera. Na kira ta ina ta zuba bayani, ta bari sai da na gaji, sannan ta yi magana.

"Kakanka ya iso Jos ke nan," ta ce. "Ka ba shi ruwa."